Abuja da Maƙwabtanta: Inda Rabon Filaye da Tsarin Sufuri Suka Raba Hanya

Birnin da ya bunƙasa yakan zarce iyakar da doka ta shata masa, har ya haɗe da garuruwan da ke kewaye da shi, su zama yanki guda wanda jama'arsa suke kwana a wani gari suna neman abinci a wani. Wannan shi ne abin da masana tsara birane suke kira yankin babban birni, kuma ma'aunin da suke gane iyakarsa da shi shi ne zirga-zirgar yau da kullum, wato duk garin da kaso mai yawa na ma'aikatansa suke yin sammako su shiga birnin, su komo bayan magariba, to ya zama ɓangaren birnin, ko da kuwa yana ƙarƙashin wata jiha ko wata ƙaramar hukuma dabam. Bisa wannan ma'auni, Abuja ta daɗe da ƙetare iyakar Birnin Tarayya, domin ta gabas ta mamaye Mararaba da Ado da Masaka a Jihar Nasarawa, tana dosar Keffi, ta arewa maso yamma kuma ta haɗe da Madalla da Suleja a Jihar Neja. Birni ɗaya ne a rayuwar mazaunansa, amma gwamnatoci uku ne suke iko da ƙasarsa, kuma babu wata hukuma guda da doka ta ɗora wa alhakin duban yankin gaba ɗaya.

Ayyuka biyu ne suke fitar da siffar kowane birni. Na farko shi ne tsarin amfani da ƙasa, wanda ya ƙunshi yanke shawarar inda za a gina gidaje, da inda za a kafa kasuwa ko masana'anta ko ofisoshi, da girman kowane fuloti, da yawan benen da aka yarda a ɗora a kansa. Na biyu shi ne tsarin sufuri, wanda ya shafi tituna da layin dogo da tashoshi da motocin haya da hanyar masu tafiya a ƙasa. A ofis ana raba waɗannan ayyuka tsakanin ma'aikatu dabam-dabam, amma a ƙasa kowannensu shi ke haifar da ɗan'uwansa. Duk lokacin da aka yanka unguwa mai fuloti dubu a bayan gari, an ƙirƙiri dubban tafiye-tafiye da za a riƙa yi kowace safiya na tsawon shekaru masu yawa, ko jami'in da ya sa hannu ya yi tunanin haka ko bai yi ba. Duk lokacin da aka shimfiɗa sabuwar kwalta kuma, darajar gonakin da ke gefenta takan tashi, dillalai su shigo, manoma su sayar, gine-gine su biyo baya. Saboda haka cunkoson da ake gani a kan titi, sau da yawa, sakamako ne na shawarar da aka yanke a ofishin filaye shekara goma ko ashirin da suka wuce.

Abin takaici game da Abuja shi ne cewa waɗanda suka zana ta sun san wannan gaskiya, sun kuma gina taswirarsu a kanta. A watan Fabrairu na 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa Birnin Tarayya da Dokar Soja mai lamba 6, bayan rahoton kwamitin da Mai Shari'a Akinola Aguda ya jagoranta, aka yanki ƙasa mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,000 a tsakiyar ƙasar, aka kuma kafa Hukumar Raya Birnin Tarayya, wadda aka fi sani da FCDA. Ɗaya daga cikin dalilan barin Legas shi ne cunkoso da ƙarancin fili. A 1979 wani gungun kamfanonin Amurka ya miƙa babbar taswirar birnin, wadda ta yi hasashen mutum miliyan 1.6 zuwa shekarar 2000, da kimanin miliyan 3 idan birnin ya cika, yayin da aka ba wa masanin gine-gine ɗan ƙasar Japan, Kenzo Tange, aikin fitar da fasalin tsakiyar birnin. Taswirar ta tsara birnin cikin siffar jinjirin wata, da hannuwa biyu da suka miƙe daga tsakiya, aka raba gininsa mataki huɗu, kuma a cikin kowane hannu aka keɓe wata doguwar hanya ta musamman domin sufurin jama'a, wadda za ta ratsa cibiyoyin gundumomi, ta yadda mai zama a kowace unguwa zai iske tasha ba tare da ya mallaki mota ba. An yi nufin a fara da manyan bas-bas a kan waɗannan hanyoyi, a mai da su layin dogo idan jama'a ta ƙaru.

Ginin bai bi wannan jeri ba. Manyan titunan motoci su aka fara shimfiɗawa, aka ƙawata su, hanyoyin sufurin jama'a kuwa suka zauna a takarda shekara da shekaru. Gundumomin matakin farko, wato Garki da Wuse da Maitama da Asokoro da tsakiyar birni, su suka samu ruwa da wuta da magudanai, kuma a Maitama da Asokoro an yanka manyan fulotai waɗanda kowannensu gida ɗaya yake ɗauka, abin da ya sa ƙasar da ta fi kusa da wuraren aiki ta kasance ita ce mafi ƙarancin mazauna. Da aka mai da mazaunin gwamnati Abuja a hukumance ranar 12 ga Disamba, 1991, a zamanin Janar Ibrahim Babangida, ma'aikatu sun taso da ma'aikatansu cikin gaggawa alhali gundumomin mataki na biyu da na uku ba su samu kayan more rayuwa ba. Ƙidayar 1991 ta sami ƙasa da mutum 400,000 a Birnin Tarayya, ta 2006 kuwa ta sami kimanin miliyan 1.4, kuma wannan adadi bai haɗa da mazauna Mararaba ko Suleja ba, tun da su a wasu jihohi aka ƙirga su. Ƙaramin ma'aikaci, da direba, da mai gadi, da birkila, da mai sayar da abinci, waɗanda birnin ba zai kwana ɗaya yana aiki ba in babu su, sun ga kuɗin hayar cikin gari ya fi ƙarfin abin da suke samu, sai suka nufi inda fili yake da araha. Nyanya, wadda aka fara a matsayin sansanin leburori da ƙananan ma'aikata, ta cika ta batse, jama'a suka tsallaka iyaka.

A wancan gefen iyakar dokar ƙasa ta sha bamban. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta a matsayin amana, yayin da filayen Birnin Tarayya suke hannun Gwamnatin Tarayya, minista yana rabawa a madadin shugaban ƙasa. Taswirar 1979 ba ta da iko ko da taku ɗaya bayan iyakar. Ƙaramar Hukumar Karu, wadda ta kasance a tsohuwar Jihar Filato kafin a ƙirƙiri Nasarawa a 1996, ta tsinci kanta tana karɓar baƙi da yawan da ya fi ƙarfin ma'aikatanta da kuɗin shigarta, kuma mafi yawan filayen an saye su ne kai tsaye daga hannun iyalai masu gonaki, da shaidar masu unguwanni, ta irin hanyar da a Kano ake kira awon igiya, wato a yanka gona fuloti-fuloti ba tare da taswirar hukuma ba. Mai gona yana son kowane taku na ƙasarsa ya zama kuɗi, don haka lungu kawai yake bari, ba ya barin filin makaranta, balle na tasha ko na babban titi. Da haka aka samu unguwanni masu ɗimbin jama'a waɗanda ba su da tituna na biyu da za su haɗa su da juna, kowane lungu sai ya fito babbar hanyar Abuja zuwa Keffi, ita kuma hanyar ta zama kamar mazurari, bakinta yana karɓa daga Masaka da Ado da Mararaba da Karu da Nyanya, ƙasanta kuwa ya tsuke a gangaren Kugbo zuwa mahaɗar AYA. Wannan hanya ɗaya ita ce titin unguwa, ita ce kasuwa, ita ce tasha, kuma ita ce babbar hanyar da manyan motoci suke bi zuwa Lafiya da Jos da Makurdi.

Shawarwarin da aka yanke a cikin Birnin Tarayya domin gyaran birnin sun ƙara wa maƙwabta nauyi, domin an yanke su ne ana duban abin da ke cikin iyaka kawai. Rushe-rushen da aka yi tsakanin 2003 da 2007, lokacin da Malam Nasir El-Rufai yake minista, an yi su ne da hujjar maido da taswirar asali, kuma hujjar tana da tushe, tun da an yi gini a kan magudanai da filayen shaƙatawa da hanyoyin da aka keɓe. Amma waɗanda aka tayar daga unguwannin da ba su da takarda ba su bar aikinsu na cikin gari ba, wurin kwanansu ne ya ƙara nisa. Hana acaɓa a tsakiyar birni a 2006, da hana ƙananan bas-bas shiga cikinsa a 2013, sun rage hayaniya a manyan tituna, sai dai manyan motocin da aka yi alkawarin za su maye gurbinsu ba su wadatar ba, jama'a suka koma tsayawa a bakin titi suna tare motocin gida, lamarin da ya buɗe ƙofa ga ɓarayin da suke ɗaukar fasinja da sunan haya su yi masa fashi. Tsaron lafiyar mai zuwa aiki, ashe, yana cikin abubuwan da tsarin birni yake yankewa.

Maganin da gwamnatoci suka fi saurin kai hannu gare shi shi ne faɗaɗa titi. An mai da hanyar Kubwa da ta filin jirgin sama masu layi goma, an kuma faɗaɗa wani sashe na hanyar Keffi, kuma babu mai musun cewa an samu sauƙi. Sai dai masana sufuri sun daɗe da lura da wata ɗabi'a da suke kira buƙatar da hanya take jawowa: idan tafiya ta yi sauri, wanda da yake fita da asuba zai koma fita da hantsi, wanda yake hawa bas zai sayi mota, mai neman fili kuma zai ga cewa yanzu yana iya zama nesa fiye da da, har sabbin layukan su cika kamar yadda tsofaffin suka cika. Bunƙasar Lugbe da rukunin gidajen da suka jeru a kan hanyar filin jirgi ta nuna yadda sabon titi yake kiran sabbin unguwanni. Layi ɗaya na babban titi yana ɗaukar kimanin ƙananan motoci 2,000 a cikin awa guda idan komai yana tafiya daidai, alhali layin da aka keɓe wa manyan bas-bas yana iya ɗaukar ninkin-ba-ninkin wannan adadi na mutane a kan faɗin ƙasa iri ɗaya. Lissafin fili ne, kuma ba ya canzawa saboda yawan kuɗin da aka zuba.

Jirgin ƙasan cikin gari ya nuna ɗaya fuskar matsalar, wato sufurin da aka gina ba tare da an duba inda mutane suke zaune ba. An ba da kwangilarsa a 2007 ga kamfanin CCECC na ƙasar Sin, Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe shi a watan Yuli na 2018, da tsawon kimanin kilomita 45 da tashoshi 12, bayan an kashe fiye da dala miliyan 800, mafi yawansu rance. Layin ya taso daga tsakiyar birni ya bi ta Idu, inda ya haɗu da jirgin Kaduna, ya nufi filin jirgin sama, wani reshe kuma ya nufi Kubwa. An dakatar da shi a 2020 lokacin annobar korona, bai dawo ba sai a watan Mayu na 2024, bayan an gyara shi an kuma gina titunan da za su kai ga tashoshinsa, domin da yawa daga cikinsu an gina su ne a cikin daji, babu gida ko kanti kusa, babu ma hanyar da mota za ta bi ta kai fasinja. Ɓangaren gabas, inda cunkoso ya fi tsanani, bai shiga wannan kashi na farko ba. Tasha tana rayuwa ne da mutanen da za su iya isa gare ta da ƙafa cikin minti goma, kuma da a ce tun ranar da aka zana layin an zana gidajen haya masu hawa da kasuwanni a kewayen kowace tasha, da jirgin ya samu fasinjansa tun daga ranar farko.

Dalilin da ya sa haɗin kai ya zama tilas yana cikin tsarin mulki. Dokar Tsara Birane da Yankuna ta 1992 ta yi ƙoƙarin kafa tsari ɗaya ga ƙasar baki ɗaya, amma a 2003, a ƙarar da Jihar Legas ta shigar, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa tsara birane hurumin jihohi ne, ikon Gwamnatin Tarayya a wannan fanni ya tsaya a Birnin Tarayya. Ma'anar wannan ita ce ministan Abuja ba zai iya tilasta wa Nasarawa ko Neja wata taswira ba, komai kyawunta, kuma su ma ba za su iya tilasta masa ya gina gidaje masu araha ba. Hanya ɗaya da ta rage ita ce yarjejeniya wadda majalisun ɓangarorin uku za su mai da ita doka. Akwai kuma batun kuɗi da ya kamata ya sa kowa ya zauna, domin doka ta ce harajin albashi haƙƙin jihar da ma'aikaci yake zaune ne, ba inda ofishinsa yake ba, saboda haka sanin wanda yake kwana a ina batu ne na kuɗin shiga ga gwamnatocin uku.

Wasu manyan biranen tarayya sun fuskanci irin wannan hali sun kuma samo masa mafita. Washinton, babban birnin Amurka, ƙaramar gunduma ce da ke tsakanin jihohin Maryland da Virginia, kuma a 1967 ɓangarorin uku suka kafa hukumar sufuri guda ta hanyar yarjejeniyar da majalisar ƙasa ta amince da ita, hukumar da ta karɓi motocin bas daga kamfanoni masu zaman kansu a 1973, ta kuma buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa a 1976. Abin da ya fi muhimmanci a labarin shi ne abin da gundumar Arlington, da ke gefen Virginia, ta yi: ta ƙi yarda a bi da layin ta tsakiyar babbar hanyar mota, ta nace a bi da shi ta ƙarƙashin tsohon titin kasuwancinta, sannan ta sauya dokar gini ta ba da izinin dogayen benaye a kewayen tashoshi biyar da ke tsakanin Rosslyn da Ballston, ta bar unguwannin da ke nesa yadda suke. Indiya ita ma ta kafa hukumar tsara yankin babban birninta da dokar 1985, wadda ta haɗa Delhi da jihohin Haryana da Uttar Pradesh da Rajasthan, kuma ko da yake an sha sukar hukumar da rashin ƙarfin tilastawa, daga tsare-tsarenta ne aka samu jirgin yanki mai sauri na Delhi zuwa Meerut, wanda aka buɗe sashensa na farko a 2023.

Ƙa'idar da take ɗaure izinin gini da tasha ta fi fitowa fili a Kopenhagen, babban birnin Danmak, inda taswirar 1947 ta tsara birnin kamar tafin hannu mai yatsu biyar, kowane yatsa yana bin layin dogo, tsakanin yatsun kuma aka bar gonaki da dazuzzuka, sannan umarnin gwamnati na 2007 ya wajabta cewa ginin ofis da ya wuce murabba'in mita 1,500 a yi shi cikin tazarar mita 600 daga tasha. Kuritiba ta ƙasar Birazil ta yi irin wannan da motocin bas, abin da ya fi dacewa da aljihun ƙasashe masu tasowa: ta kafa cibiyar tsara birni a 1965, ta buɗe layin bas na musamman a 1974 a zamanin magajin gari Jaime Lerner, ta kuma ƙayyade cewa gine-gine mafi tsawo su jeru a gefen layin, tsayinsu yana raguwa gwargwadon nisa daga gare shi. Sai dai Kuritiba ta bar gargaɗi wanda ya shafi Abuja kai tsaye, domin filayen gefen layin sun yi tsada, talakawa da yawa suka koma garuruwan bayan iyaka. Kusanci da tasha, idan aka bar shi ga kasuwa kaɗai, mai kuɗi ne zai saye shi. A cikin gida kuma Legas ta kafa hukumar sufurinta ta LAMATA da dokar 2002, ta buɗe layin bas na musamman daga Mile 12 zuwa CMS a 2008, kuma jirginta da ya fara jigila a 2024 ya kai har Agbado a Jihar Ogun, bayan gwamnonin jihohin biyu sun sa hannu a 2021 kan kafa hukumar raya ƙasa ta haɗin gwiwa.

Hukumar haɗin gwiwa ta yankin Abuja, idan aka kafa ta, kuma idan har za ta amfanar, dole ta riƙe filaye da sufuri a hannu ɗaya, domin kwamitin da yake ba da shawara kawai ba zai hana ko fuloti ɗaya sayuwa ba. Aikinta na farko shi ne binciken tafiye-tafiye gida-gida, a san inda mutane suke tasowa da inda suke zuwa da abin da suke kashewa, sannan ta shata hanyoyin sufuri da titunan unguwanni a filayen da gini bai kai ba tukuna, ta biya diyya ta kafa alamu, tun da sayen gona yau ya fi rushe bene gobe sauƙi da adalci. Dokar 1978 ta ba gwamnati wata dama da biranen duniya da yawa ba su da ita, wato mallakar ƙasa, kuma kamfanin jirgin ƙasa na Hong Kong ya nuna yadda ake biyan kuɗin layi da ƙarin darajar filayen da ke kewayen tashoshi, maimakon a bar wannan riba ga waɗanda suka ji labarin layin kafin kowa suka saye gonakin. Wajibi ne a keɓe wani kaso na waɗannan filaye ga gidajen haya na masu ƙaramin ƙarfi, a kuma mai da wasu ofisoshin gwamnati da manyan kasuwanni zuwa Karu da Gwagwalada da Suleja, domin bas ɗin da yake shiga cike da safe ya komo wayam yana cin kuɗin tafiya biyu ne da fasinjan tafiya ɗaya. Gbagyi da sauran 'yan asalin yankin, waɗanda aka tayar da wasunsu tun farkon ginin birnin, kuma har yau suke ƙorafin diyya da matsuguni, sun cancanci kujera a wannan hukuma, haka ma ƙungiyoyin direbobi da masu a-daidaita-sahu, waɗanda su ne suke ɗauke da jama'ar yankin tsawon shekarun da gwamnati ta bar wurin.

Gyaran tsarin mulki da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023 ya ba jihohi ikon gina layin dogo da tafiyar da shi, wanda da hurumin Gwamnatin Tarayya ne kaɗai, saboda haka shingen doka ya ragu tsakanin Nasarawa da Neja da Birnin Tarayya idan suka so haɗa hannu kan layi guda. Tsakanin Masaka da Keffi, da bayan Suleja, har yanzu akwai gonakin da ba a yanka ba, kuma kowace damina ana sayar da wasu daga cikinsu. Ya kamata ministan Birnin Tarayya da gwamnonin jihohin biyu su gabatar wa majalisunsu dokar kafa wannan hukuma, su kuma shata hanyoyin a ƙasa tun kafin 'yan awon igiya su riga su.